Kafin a biya kuɗin littafi: amsoshin tambayoyinku kan labaran soyayya, almara da na zamani

Wasiƙun wannan karon kusan kukansu ɗaya ne: an sayi littafi saboda yabon da aka ji, an buɗe, an tarar da wani abu daban. Mun zaɓi biyar daga ciki.

"Littattafan soyayya biyu na saya saboda yadda ake ta zuzuta su a TikTok. Na farko bangonsa zanen katun ne mai ruwan hoda, na ɗauka labari ne mai sanyi, ashe batsa ce fal a ciki, har na rasa inda zan ajiye shi kada ƙannena su gani. Na biyun kuma sai da na kai babin ƙarshe aka kashe jarumin. Ta yaya zan gane irin wannan tun kafin in biya?"

Malama, mu fara da na biyun don ya fi sauƙi. A wurin masu ɗab'i, kafin littafi ya shiga rukunin soyayya sai ya cika sharuɗɗa biyu: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, sannan a ƙare masoyan suna tare. A kan wannan alkawari kamfanoni irin su Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin, wanda ya fara a Kanada a 1949, suka gina kasuwarsu. Littafin da aka kashe jaruminsa a ƙarshe, komai yawan ƙaunar da ke cikinsa, a rukunin ƙagaggun labarai na gama-gari ake saka shi. Mai bidiyo a TikTok ba ruwansa da wannan bambanci, duk abin da ya sa shi kuka soyayya yake kiransa. Saboda haka ki duba rukunin da kamfanin ya rubuta, ko dai a bangon baya kusa da lambar ISBN (lambar shaidar littafi), ko a ƙasan shafin mai sayarwa inda ake jera yawan shafuka da ranar fitowa. Ki kuma karanta bayanin bangon baya da kunnen basira. In kin ga an ce labarin "zai tsinka miki zuciya", ko an ambaci wata cuta tun a layi na biyu, ko jaruma tana ba da labarin saurayin da duk maganarsa ta zama "ya kasance", to ki shirya wa makoki. In har yanzu kina shakka, leƙa shafin ƙarshe ba laifi ba ne. Kuɗinki ne.

Maganar bango kuwa, a mafi yawan manyan kamfanoni ba marubuciya ce ke da ta-cewa a kansa ba, masu talla ne. A 'yan shekarun nan zanen katun mai haske ya mamaye littattafan soyayya, mai kunya da marar kunya duk riga ɗaya suke sawa. Bango ba zai gaya miki komai ba game da abin da kike gudu.

Ga abin da zai gaya miki. Da farko rukunin shekaru: na matasa ne, wato 'yan shekara 12 zuwa 18, ko na manya? A kula da wannan sosai a labaran da suka haɗa soyayya da almara, domin akwai jerin da ke farawa da kamun kai a littafi na ɗaya, kafin a kai na uku ya zama na manya zalla, sunan marubuciya da zanen bango kuwa ba su canza ba. Na biyu, masu sharhi sun saba sa alamar barkono daga ɗaya zuwa biyar don nuna yawan irin waɗannan wurare, wasu kuma su ce labarin "ya rufe ƙofa", ma'ana ana yanke fage kafin a shiga ɗaki. Ma'aunin ba na hukuma ba ne, barkono biyun wata shi ne huɗun wata, don haka ki duba sharhi uku ko huɗu kafin ki yarda. Na uku, marubuta da yawa yanzu suna sa gargaɗi a farkon littafi ko a shafinsu na intanet.

Abu ɗaya ne ba zai taimake ki ba a nan: samfurin da ake bayarwa kyauta. Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, kan ba da kusan kashi goma cikin ɗari na farkon littafi, alhali waɗannan wurare galibi sai an wuce tsakiya suke zuwa. In littafin takarda ne a hannunki, buɗe shi daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ki bi shafuka goma da ido. A nan ake ganin gaskiyarsa.

"An ba ni shawarar wani jerin almara mai littattafai biyar. Na ari na ɗaya, shafi 700 ne, na maƙale a shafi na 80 don sunaye sun yi mini yawa. Ga shi kuma an yi rangwame in za a sayi biyar ɗin a haɗe. In saya?"

Kada ka saya, Malam, aƙalla ba yanzu ba. Sayen biyar alhali na ɗaya ya gagare ka cinikin biri ne a sama, kuma rangwamen ba ya rage komai in huɗu za su zauna a kanta ba a buɗe ba.

Amma maƙalewa a shafi na 80 ba lallai ne laifin littafin ba. Wata sananniyar ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, tana da dokar da ta ce a ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye. Dokar ta yi daidai da labarin soyayya, wanda sau da yawa bai wuce kalma dubu 50 zuwa 90 ba. Almara kuwa takan fara daga kalma dubu 100 ta yi sama, kuma marubucin sai ya gina ƙasa da sarauta da addini da dokar tsafi kafin labari ya miƙe. A littafi mai shafi 700, shafi 100 zuwa 120 ne gwaji na adalci.

Ka koma farko da 'yar takarda a cikin littafin. Kada ka yi ƙoƙarin haddace kowa. Rubuta sunan wanda ake ba da labari ta idonsa a kowane babi, da abin da yake nema, layi ɗaya kacal. Duk sunan da bai dawo ba bayan babi uku, bar shi ya tafi. Ka kuma leƙa ƙarshen littafin, yawancinsu suna da taswira da jerin sunaye, sai dai a yi hattara, domin wani jerin yakan tona wanda zai mutu ko wanda zai hau karaga.

In ka kai shafi na 120, tambayi kanka abu biyu. Akwai mutum ɗaya da ka damu da abin da zai same shi? Sannan, tsafin da ke cikin labarin yana da tsada? Wannan na biyun shi ne ke raba ƙwararre da ɗan koyo. In boka ko mayaƙi yana rasa wani abu duk lokacin da ya yi amfani da ƙarfinsa, jini ne, ko shekarun rayuwa, ko hankalinsa, to akwai fargaba a kowane faɗa. In kuwa duk sanda jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai wani sabon ƙarfi ya faɗo masa daga sama, marubucin zai ci gaba da yi maka haka har littafi na biyar, kuma ba za ka ƙara jin gabanka ya faɗi ba.

Ko da gwajin ya yi kyau, bincika ko jerin ya kammala. "Littattafai biyar" wani lokaci na nufin biyar ne suka fito cikin bakwai da aka yi alkawari, kuma akwai masu karatun da suka haura shekara goma suna jiran ci gaban da bai zo ba. Ka duba tazarar shekarun da ke tsakanin na huɗu da na biyar, ita za ta nuna maka saurin marubucin. In za ka riƙa saye ɗaya-ɗaya kuma kana son su jeru daidai a kanta, tsaya a kan bugun kamfani ɗaya, domin bugun Ingila da na Amurka sukan bambanta a tsawo da zanen bango.

"Na sayi wani labarin zamani da ya ci babbar kyauta. Na karanta rabi, har yanzu ba abin da ya faru sai wata mata da ke tunanin mahaifiyarta. Ni ce ban gane ba?"

'Yar'uwa, kin gane sarai, buƙatarki ce ta sha bamban da ta alƙalan. Kyauta irin Booker, wadda aka fara bayarwa a 1969, wasu 'yan alƙalai ƙalilan ne ke zaɓe, ana kuma canza su kowace shekara. Abin da ke burge su sau da yawa salo ne da zurfin hali da sabon zubi. Ke kuma kina son a yi wani abu a kowane babi, wannan kuma ba aibu ba ne. Zaɓen gwanayen shekara na Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai, ya fi kusa da ke tunda masu karatu ne ke jefa ƙuri'a, ko da yake can ma wanda ya fi yawan mabiya ne ke yin gaba.

Nan gaba ki bar sharhin tauraro biyar da na tauraro ɗaya, na farko zumuɗi ne, na biyu haushi. Masu tauraro uku su ne ke faɗin mai kyau da marar kyau. In uku daga cikinsu sun ce "rubutun ya yi kyau amma labarin ba ya tafiya", kin sami amsarki. Wanda ke hannunki kuwa, in rabi bai motsa ba, sauran rabin ma haka yake. Ki ba wanda zai ji daɗinsa.

"Ina karanta wani labari a manhajar da ake buɗe babi da tsabar kuɗin cikinta. Na kashe fiye da yadda na zata kuma labarin ya ƙi ƙarewa. In ci gaba ko in koma sayen cikakken littafi?"

Yi lissafin da ya kamata a yi tun ranar farko. Duba yawan babin gaba ɗaya, cire waɗanda ka riga ka buɗe, ninka sauran da tsabar da babi ɗaya ke ci, sannan ka raba da yawan tsabar da ke cikin ƙunshin da kake saye. Abin da ya fito shi ne sau nawa za ka ƙara biya. A labari mai babi 300 ko 400, jimillar takan wuce kuɗin cikakkun littattafai da dama. Tsabar an ƙirƙiro ta ne don kada ka ga wannan jimilla.

Ƙin ƙarewar ma akwai dalili. Inda kuɗin marubuci ya dogara da yawan babin da aka buɗe, ƙarewa asara ce gare shi. Shi ya sa da an kusa sasantawa sai jaruma ta yi haɗari ta manta kowa, ko tsohuwar budurwa ta dawo da ciki. In irin wannan ya faru sau biyu, labarin ya riga ya ƙare, ja kawai ake yi. Kafin ka fara wani, duba ko an rubuta cewa ya kammala, duba ranar da aka sa babin ƙarshe, sannan ka shiga saiti ka kashe buɗe babi kai-tsaye da sabunta biyan wata-wata.

Cikakken littafin waya ya fi wannan araha, amma ka san abin da kake saye. A yawancin manyan shaguna izinin karatu ne kake biya, fayil ɗin a kulle yake da manhajarsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai kuɗi aka mayar musu. Littafin da kake son sake karantawa bayan shekaru, nemi na takarda ko fayil marar kulle. In an ba ka zaɓi tsakanin EPUB da PDF don karatu a waya, ɗauki EPUB: rubutunsa na bin girman fuskar waya kuma ana iya ƙara girman haruffa, PDF kuwa sai ka yi ta ja da yatsa hagu da dama. Na saurare shi ma hanya ce, littafi mai kalma dubu 100 yakan kai awa goma zuwa sha ɗaya, sai dai ka saurari samfurin tukuna, don murya marar daɗi tana kashe labari mai kyau.

"Na sami wani sabon littafi da araha ƙwarai, amma daga shafi na 112 sai ya tsallake zuwa 129. Na jabu ne?"

Ba lallai ba. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16 ko 32 a dunƙule, kuma daga 113 zuwa 128 shafi 16 ne cif. Dunƙule ɗaya ne ya faɗi wajen haɗawa, abin da ke faruwa har a bugun asali. Duba gaba, wataƙila ma an maimaita wani dunƙulen sau biyu. Mai sayarwa na ƙwarai zai canza maka.

Na jabu yana da nasa alamomin: haruffa sun yi dishi-dishi kamar an ɗauki hotonsu, rubutu ya karkace ko ya matso bakin takarda, takardar ta yi sirantar da ana hango rubutun bayanta, gam ɗin ƙeya kuma yana ɓarewa da an buɗe sosai. Ka gwada lambar ISBN, mai lamba 13 ce ga duk littafin da ya fito daga 2007, ka sa ta a intanet ka ga ko suna da bango da yawan shafuka sun dace da abin da ke hannunka. Lambar kaɗai ba hujja ba ce tunda masu satar fasaha har ita suke kwafa, don haka a haɗa ta da duba takarda da gam. Kafin ka biya kowane littafi, kama shi ta ƙeya ka saki shafukan da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe, idonka a kan lambobin shafi. In ta intanet ka yi oda, yi wannan ranar da ya iso, tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.