Ina 'ya'yan kiril ke zuwa bayan ƙyanƙyashewa?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda kiril, 'yan ƙananan jatan landen nan na tekun Antaktika, suke zuba ƙwai. Daga Janairu zuwa Maris suke yi, galibi a ruwa mai zurfi kusa da zirin Antaktika, ɓangaren nahiyar da ya miƙo cikin teku ta wajen Kudancin Amurka. Ƙwan yakan yi ta nutsewa wajen kwana 10, wani lokacin har zurfin mita 2,000, kafin ya ƙyanƙyashe. Abin da ke ba ni mamaki, 'ya'yan sai sun yi makonni suna hawowa sama ba ci, sai gwaiduwar jikinsu. Wanda ya iso bai tarar da abinci ba, shi ke nan. Da hunturu suna fakewa ƙarƙashin ƙanƙara suna cin gansakuka, igiyar ruwa kuma tana kwasar wasunsu gabas har tsibirin Jojiya ta Kudu da ke kudancin tekun Atlantika.