Tambaya da Amsa: Lambar NAFDAC ta isa shaidar halal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya ibada. Ni uwa ce daga Tudun Wada nan Zariya, na sayo wa yara alawar nan mai danƙo a wani kanti a PZ sai maƙwabciyata ta ce wai akwai alade a ciki, ni kuma na ga lambar NAFDAC a jiki, ashe ba ta isa ba? Kuma tambarin halal ɗin nan da ake bugawa da Larabci, waye ke buga shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Gaskiya lambar NAFDAC ba shaidar halal ba ce, aikinsu su tabbatar abin ba zai cutar da jiki ba, ai har giya ma tana da lambar su.

Abin da maƙwabciyarki take nufi shi ne jalatin, shi ke sa alawar ta yi danƙo tana jawuwa in yaro ya ciza, ana samun sa daga fata da ƙashin dabba kuma a Turai yawanci fatar alade ce. Ko da na saniya ne sai an tambaya an yanka ta ko mushe ce, don ayar Ma'ida ta 3 ta haɗa mushe da jini da naman alade da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. Shi ya sa hukumomin da ke ba da shaidar halal ba sa tsayawa a jerin kayan haɗi kawai, sai sun je masana'antar sun ga daga ina jalatin ɗin ya fito, wa ya yi yankan, ya yi bisimilla, dabbar da ranta lokacin da wuƙa ta hau wuyanta ko girgizar lantarkin da ake sumar da ita kafin yanka ta riga ta kashe ta, kai har injin da aka sarrafa kayan sai an duba ko ya taɓa haram. A Malesiya gwamnati ce ke yi ta hannun hukumarta ta harkokin Musulunci JAKIM, Indonesiya ta yi doka kan shaidar halal a 2014, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ma tana da cibiyarta SMIIC a Istanbul da ke fitar da ma'auni.

Amma fa kalmar halal kaɗai a jikin leda kowa zai iya bugawa, mai madaba'a a Sabon Gari ma zai buga miki. Ki duba ko akwai sunan hukumar a jikin tambarin, sannan ki duba ƙasar da aka yi. Misali alawar kamfanin Haribo, wanda aka yi a Turkiyya jalatin ɗin saniya ne, na Jamus kuwa yawanci na alade, suna ɗaya leda kusan iri ɗaya.

Eh akwai malaman da suka ce jalatin ya riga ya canza ya zama wani abu daban, istihala kenan, wasu kuma suka ce bai canza ba sosai, kuma manyan hukumomin nan ba sa ba na alade shaida. Ni dai a alawa ban ga larurar da za ta sa a shiga saɓani ba, ga alawar madara da tuwon madara da gullisuwa cike da gari. Maganar kwanson magani, wanda shi ma akan yi shi da jalatin, daban ce, wannan kar ki daina sha sai kin ga likita.

Ki juya ledar ki karanta, in an ce daga tsiro aka yi ko pektin ne, wato danƙon da ake samu daga 'ya'yan itace, ki ba su abinsu, in jalatin kawai aka rubuta babu bayani babu tambari, ki mayar wa mai kantin ya canza miki. Wanda suka riga suka sha kuwa babu komai tunda ba ki sani ba. Wallahu a'alam.