Amsa ga ɗan'uwan da aka ɗora wa tara kuɗin tazarcen Onarabul

Assalamu alaikum. Malam, tun bayan asuba na ga tambayarka, na wuce ta har sau biyu, zuciyata ta ƙi barina. Ka ce ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku zai nemi tazarce, an aiko wa ƙungiyarku katin taron gidauniya, kuma kai aka ce ka bi mambobi ka tara kuɗin. Kana tambaya ko ku bayar, da kuma yadda za ku gane ko ya tsinana muku wani abu a zauren majalisa. Wallahi kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Wannan kujerar da aka ɗora ka a kai na zauna a kanta a 2023, har yau ban gama warkewa ba.

Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta masu sana'ar hannu a lokacin. Damuwarmu kun san ta, ba sai na maimaita ba: rasit uku huɗu a kan mutum ɗaya, wannan ya ce na ƙaramar hukuma ne, wancan ya ce na jiha, gobe wani ya ɓullo da nasa. Onarabul ɗin mazaɓarmu ya zo har ofishinmu, ya zauna benci ɗaya da mu, ya ce ai ya riga ya shigar da ƙudirin haɗe harajin wuri guda, wa'adi ne kawai ya cim masa, in ya koma shi zai fara ɗagawa. Muka yi tafi. Ni na fi kowa tafi ma, Allah na gani.

Bayan kwana biyu sai ga wani yaronsa da suke kira kodineta. Mutum mai bakin zuma, ga faɗuwa ƙasa in zai gaishe ka. Ya ce Onarabul ya ji daɗinmu ƙwarai, amma mun san hidima ta yi yawa, in ƙungiya ta sa hannu a tafiyar to maganarta za ta fi nauyi gobe. Kuma ya ce kar mu tura ta banki, tsabar kuɗi ake so, sababbi. Ku tuna wane lokaci nake magana. Fabrairun 2023 ne, lokacin da Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutum yana da kuɗi a asusu amma sai ya wuni a layi bai samu na cefane ba. A cikin wannan halin na bi mutum 63 ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya biya mai POS ladan da ya kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya cira don kawai ya ba ni sabuwar takarda. Akwai wata baiwar Allah da ta kunto gefen zaninta ta ba ni, ta ce, “Ma'aji, don ganin idonka na bayar.” Wannan maganar ita ta fi komai ci mini rai daga baya.

A cikin mota na miƙa masa, da dare, daga ni sai shi. Na ce ya ɗan rubuta mini ko a bayan kati ne. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, “Haba ma'aji, tsakaninmu har sai an yi takarda?” Na ji kunya na yi shiru. Kunyar minti ɗaya ke nan.

Aka ɗage zaɓen gwamnoni da 'yan majalisar jiha daga 11 ga Maris zuwa 18, muka tsaya a rumfa tun safe har aka ƙirga, mutuminmu ya ci. Aka rantsar da su a watan Yuni. Daga nan wayar kodineta ta koma ba ta shiga, in ta shiga yana mitin. Na yi sintiri a ƙofar majalisa har masu gadi suka haddace fuskata. Wata biyar kafin na samu ganin Onarabul a ofishin mazaɓa, ofishin da ba a buɗe shi sai ranar da zai zo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, ni ne ma'ajin ƙungiyar da ta kawo gudummawa, mun zo tuni a kan maganar haraji. Ya dube ni ya ce, “Wace gudummawa?” Ya juya wajen kodineta, yana tsaye a bayansa da wayoyi biyu a hannu. Bawan Allahn nan ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni dai na san sun yi alkawari.”

Sun yi alkawari. Malam, ɗakin cike yake da mutane. Na ji ƙafafuna sun ɗauke, bakina ya bushe, na buɗe shi ban san me zan ce ba. Wane shaida gare ni? Motar da na shiga? Daren? Wani daga gefe har ya yi 'yar dariya. Kodineta kuma ya rako ni bakin ƙofa yana ce mini in yi haƙuri, wai ƙila na manta ne wa na ba. Ni zan manta! Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ya jefa ledar a ƙarƙashin kujera. Ban sani ba ko shi kaɗai ya ci ko tare suka ƙulla, ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma ni na daina yarda da wannan maganar gaba ɗaya, don sarkin ne ya zaɓi bafaden ya kuma ci gaba da ajiye shi.

Wanda ya fi wannan zafi shi ne taron ƙungiya. Labari ya riga ni isa. Na shiga aka yi tsit. Wani dattijo, aminin mahaifina ne, shi ya riƙe ni ina yaro, ya ce, “Ɗana, in matsuwa ce ta sa, faɗa mana mu rufa maka asiri.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fita na zauna a kan babur ina kuka kamar yaro, ni da 'ya'yana huɗu. Babur ɗin ne ma na sayar na fara mayar wa mutane kuɗinsu. Wasu suka ƙi karɓa, suka ce sun san ni. Wasu suka karɓa suna ƙirgawa a gabana. Baiwar Allahn nan ta karɓa ba ta ce komai ba, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ta zama ta ɗaga hannu daga nesa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To ka ga dalilin da ya sa nake roƙonka, don girman Allah kar ka zama hannun tsakiya. In mambobi suna son bayarwa, kowa ya tura da sunansa daga asusunsa zuwa asusun kwamitin yaƙin neman zaɓen, ya ajiye shaidar banki. In dole sai ƙungiya ta bayar a dunƙule, a rubuta a littafin taro, shugaba da sakatare su sa hannu, a miƙa da rana a gaban mutane, a karɓi rasit mai suna da kwanan wata. Duk wanda ya ce maka tsabar kuɗi kawai yake so, tashi ka ba shi wuri. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓenmu da ita, ta hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, ta kuma ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da zai kashe. Ni da na san haka a lokacin, da na tambaye shi nawa aka tara zuwa yanzu, kuma namu a wane littafi zai shiga.

Ba na ce neman gudummawa laifi ba ne, kar a fahimce ni a baibai. Takara tana cin kuɗi. A 2022 fom ɗin majalisar jiha kaɗai naira miliyan 2 ne a APC, dubu 600 a PDP, kafin a zo maganar daliget, da fosta, da rediyo, da ejan a kowace akwati. Ni a ganina gara ma ɗan takarar da talakawa suka haɗa wa da wanda ubangida ɗaya ya ɗauki nauyinsa, don wannan in ya shiga zaure ba ku yake wakilta ba. Mu ma muna da namu laifin. Ƙofar gidan ɗan majalisa kullum cike take da masu takardar asibiti da masu neman kuɗin haya, ba mai zuwa ya tambaye shi wace doka ya kawo. Sai mu mai da shi asusun agaji, sannan mu yi mamaki in ya dawo yana neman mu mayar masa.

Af, maganar ƙudirin. Ka san abin da na gano? Wani ƙaramin ma'aikaci a ɓangaren akawun majalisa, Allah ya saka masa, shi ya tausaya mini ya binciko mini takardar. Ashe abin da Onarabul ya kawo ba ƙudirin doka ba ne, ƙudirin kira ne kawai, irin wanda ake tashi a ce majalisa tana kira ga gwamnati da ta duba kaza. A yi muhawarar rabin awa, kakaki ya buga guduma, a aika wa ɓangaren zartarwa, in sun ga dama su duba, in ba su ga dama ba shi ke nan, ba wanda ya karya doka. Ƙudirin doka hanyarsa daban: karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, a miƙa wa kwamiti, sau da yawa a kira jin ra'ayin jama'a, a dawo karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar sun sake amincewa kafin ya zama doka. Mu duka biyun “ƙudiri” muke ce musu da Hausa, a nan suke samunmu. Saboda haka in ya ce muku ya kawo ƙudiri goma, ce masa wane iri, ina sunansa, ya kai karatu na nawa, kuma a ba ku kwafi.

Sojojin bakansa za su taso maka da lissafin babura da kekunan ɗinki da rijiyoyin burtsatse. Kar ka yi musu da su, aikinsu ke nan, da shi suke ci. Ni ban raina burtsatse ba, wanda ya sha ruwan ya san daɗinsa. Amma ka tambaya a kasafin wace shekara aka saka ta, kuma kuɗin wa. Majalisa ce ke amincewa da kasafin jiha, kuma sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu ke kashe abin da aka ware musu. A wane kwamiti yake? Ya taɓa zuwa duba asibitin mazaɓarku ko makarantar da rufinta ya yaye, ba ranar ɗaukar hoto ba? Ranar kare kasafi ya buɗe baki? Majalisar jiha fa ba wani taron dubu ba ce, daga mutum 24 zuwa 40 tsarin mulki ya yanke, wanda ba ya magana kowa ya san shi. Kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da uzuri ba kujerarsa na iya salwanta. Namu, ma'aikacin nan ya ce mini, ya fi zuwa ranar da gwamna zai kawo kasafi.

Wani abin da ke ba ni takaici, tun Maris na 2023 aka yi gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi damar yin dokarsu ta wutar lantarki. Mu masu sana'ar hannu wuta ce rayuwarmu. Ko sau ɗaya ban ji namu ya ambaci zancen ba. Na san ba wannan ka tambaya ba, amma abin yana raina ne.

Na ga wani a ƙasan tambayarka yana cewa ku bayar kawai, in ya saɓa ku yi masa kiranye. Ɗan'uwa, ka taɓa gwadawa? Sashe na 110 ya ce sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, sannan INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A 2018 an gwada wa Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma, wajen tantance sa hannun aka tashi da kashi 5 da 'yan kai, magana ta mutu. Mu da muka kasa haɗa mutum 63 a ɗaki ɗaya bayan abin da ya faru, ina za mu haɗa dubbai? Damar da kuke da ita yanzu ce, da yake shi ke nemanku.

Ni da zan ba ka shawara a matsayin wanda ya ƙone, ku rubuta masa wasiƙa kafin ranar gidauniyar, ku ce kuna gayyatarsa shi da kansa, ba wakili ba, ya zo da takardun abin da ya yi a shekara huɗun nan. In ya turo yaro, kun samu amsarku. Kuma ka gaya wa shugabanku a gaban kowa cewa kai ba za ka riƙe ko sisin wani a aljihunka ba, ko da za a ce ka cika tsoro. Ni an ce mini haka daga baya, na ce na ji.

Kodinetan nan har yanzu yana nan a bayan Onarabul, ya ƙara ƙiba, ya canza mota. Watan jiya muka haɗu ya miƙo mini hannu yana ce mini “ma'aji na kaina”. Na karɓa, don mutane na kallo. In ka samo kwafin ƙudirin da naku yake taƙama da shi, ɗauki hotonsa ka saka a nan, mu duba tare ko ya wuce karatu na biyu.