Me ya kai ciwon zuciya jikin yaran Timor?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Na ga wani labari ne kan wata ƙungiyar agaji da ke kwasar matasa daga ƙasar Timor ta Gabas zuwa Ostareliya ana musu aikin zuciya, wasu 'yan mata ne ma da ba su wuce sha biyar sha shida ba. Ni dai a sanina ciwon zuciya na manya ne masu hawan jini da ƙiba, to me ya kai shi jikin yara? Kuma wannan ɗauke su da ake yi ɗaya bayan ɗaya anya zai magance matsalar kuwa? Daga wata 'yar'uwa mai karatun jinya.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wancan ciwon da kika sani na hawan jini da toshewar jijiya daban, wannan daban. Na yaran Timor mafi yawansa abin da muke kira ciwon zuciya na rumatik ne, kuma abin tausayin shi ne daga maƙogwaro yake farawa, wani lokacin ma daga ƙurajen fata.

Ga yadda abin yake tafiya. Akwai wata ƙwayar bakteriya, sitirep rukunin A, ita ce ke kawo wannan ciwon wuyan da yaro zai kasa haɗiyar ko yawu ga zazzaɓi, kuma ita ce dai ke shiga ƙuraje da gyambo musamman inda ƙazuwa ta riga ta buɗe fata saboda susa. In ba a yi maganinta ba, a jikin wasu yaran bayan sati biyu zuwa uku sai garkuwar jiki ta rikice, tana neman kashe ƙwayar cutar sai ta juya kan jikin kansa, ta kama gaɓoɓi, ta kama zuciya, wani sa'in har ƙwaƙwalwa. Sai ki ga yaro yau gwiwa ce ta kumbura tana zogi, jibi ta sauka idon sawu ya ɗauka, wani kuma hannu da fuska su dinga motsi da kansu ba ya iya riƙe ko cokali. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik, kuma ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 14. Gaɓoɓin suna warkewa sumul, zuciya ce ba ta mantawa. Duk dawowar zazzaɓin sai ya ƙara wa bawul ɗin zuciya tabo, wato 'yan ƙofofin da ke buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya, musamman wanda ake kira mitral da ke ɓangaren hagu, har ya koma kamar ƙyauren katako da ya sha damina, bai buɗuwa sosai kuma bai rufuwa sosai, jini ya kasa wucewa yadda ya kamata ko ya dinga komawa baya yana taruwa a huhu. Daga nan sai haki, yarinya ta kasa ɗebo ruwa, ta kasa hawa ɗan tudun da take hawa da gudu a da, dare ya yi ta kasa kwanciya sai ta jingina da filo biyu uku, ƙafa ta kumbura. Wasu kuma bugun zuciyar ne ke rikicewa jini ya daskare ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki a kan ɗan shekara ashirin.

To me ya sa Timor? Ai ciwon nan talauci yake bi da cunkoso. Ƙasar ƙarama ce, tana maƙwabtaka da Indunusiya a arewacin Ostareliya, mutanenta wajen miliyan 1.3, Fotugal ta mulke ta ɗaruruwan shekaru, tana fita a 1975 Indunusiya ta shigo, da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1999 mutane suka zaɓi ɓallewa sai aka bi gine-gine da asibitoci aka lalata, likitoci da yawa suka bar ƙasar, sai 20 ga Mayu 2002 ta samu cikakken 'yanci. Kin ga kenan daga tushe aka sake gina harkar lafiya. Ga ƙasar duk duwatsu, ga gida ɗaya mutane da yawa suna kwana wuri guda, ruwan wanka da wanki ba kullum ba, ƙazuwa ta yi yawa tsakanin 'yan makaranta. Nan ƙwayar ke samun yadda take so.

A 2016 aka yi binciken da ya buɗe wa kowa ido. Likitoci suka bi makarantu a Dili babban birni da kuma yankin Ermera mai tsaunuka da gonakin kofi, suka yi wa ɗalibai 1,365 hoton zuciya na eko. Aka samu kamar 18 cikin kowane 1,000 suna da ciwon tabbas, in aka haɗa da waɗanda alamun suka fara nunawa ya kai 35 cikin 1,000, wato kusan yaro 1 cikin 28, kuma 'yan mata sun fi maza nesa ba kusa ba. Wannan yana cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a duniya. Kuma ki lura fa, waɗannan yaran da ke zuwa makaranta ne da ƙafarsu, yawanci su da iyayensu ba wanda ya san akwai wani abu.

Maganar 'yan matan nan ita ta fi damuna wallahi, tunda ke ma jinya kike karanta ki riƙe ta da kyau. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya na ƙara aiki, to in bawul ya riga ya tsuke sai abin ya fito fili a watannin ƙarshe ko wajen naƙuda ko 'yan kwanaki bayan haihuwa. Mace ta yi ta haki ana cewa nauyin ciki ne, alhali huhunta ne ke cika da ruwa. Mata da yawa sai a cikin farko ake gane suna da ciwon, wasu kuma ba a ganewa sam har a rasa su.

Ƙungiyar da kika gani ina kyautata zaton East Timor Hearts Fund ce, wadda yanzu ake kira Timor-Leste Hearts Fund. Wani likitan zuciya ne ɗan Ostareliya, Dakta Noel Bayley daga garin Warrnambool, ya yi shekaru yana zuwa Dili duba marasa lafiya kyauta, yana ganin matasan da ya san aiki ɗaya zai cece su amma babu inda za a yi shi a ƙasar, daga nan aka fara tara kuɗi har ƙungiyar ta kafu sosai a 2012. Likitocinsu na sa kai suna zuwa su tantance, wanda ya fi buƙata a ɗauke shi zuwa asibitocin Melbourne da kewaye. Aikin da suka fi yi ga mai tsukakken bawul ba sai an tsaga ƙirji ba, siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a bakinsa akwai ɗan balan-balan, in an kai daidai bawul ɗin sai a hura shi ya raba inda ya manne, cikin 'yan kwanaki sai ki ga mutum ya miƙe yana tafiya ba haki. Wanda nasa ya lalace da yawa shi sai tiyatar buɗe ƙirji, a gyara ko a canza. Canzawar ma da nata rigimar, don bawul na ƙarfe sai an sha maganin tsinka jini warfarin har ƙarshen rayuwa tare da gwajin jini akai-akai, ga shi maganin na da haɗari ga ɗan tayi, to yarinyar da za ta koma ƙauye kan dutse kuma tana fatan aure da haihuwa dole likita ya yi dogon tunani kafin ya saka mata shi.

Tambayarki ta biyu kuma, gaskiya kin taɓo inda abin yake. A'a, ɗaukar mutum ɗaya ɗaya ba zai kawar da ciwon ba, su kansu masu aikin sun sani. Ba wai ina raina tiyatar ba ne, wanda aka ceto ai rai ne guda kuma iyayensa ba za su taɓa mantawa ba. Amma masu buƙata sun ninka waɗanda jirgi zai iya ɗauka sau da yawa, kuma ko wanda aka yi wa aikin in zazzaɓin ya sake dawowa bawul ɗin zai sake lalacewa. Ainihin aikin yana wajen wata allura mai arha, fenisilin mai daɗewa a jiki da ake kira benzatin, ana yin ta duk kwana 28 ba fashi, galibi shekara 10 ko fiye gwargwadon yadda zuciyar ta taɓu. Ki lissafa, allura 13 kenan a shekara. Kuma tana da zafi, ruwan kauri gare shi fari kamar madara, a ɗuwawu ko cinya ake yin ta a hankali, shi ya sa ake ɗumama sirinjin a tafin hannu wasu wuraren kuma a haɗa da maganin kashe zafi. Yanzu ki ɗauki yaro ɗan shekara goma da ba ya jin ciwon komai, a ce duk wata ya sauko daga tsauni ya zo a tsira masa wannan, in damina ta yanke hanya ko maganin ya ƙare a asibiti shi kenan wata ya wuce. A nan ƙungiya irin Maluk Timor take aiki tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasar, suna riƙe rajistar masu ciwon, suna bin wanda ya yi fashi, suna koyar da nas-nas da iyaye. Cibiyar bincike ta Menzies da ke Darwin a Ostareliya ita ma tana ciki, har da gwada horar da ma'aikatan lafiya na gida su yi hoton zuciya da ƙaramar na'urar hannu ba sai an jira ƙwararre daga waje ba. Wannan aikin ba ya fitowa a labarai kamar hoton yarinya tana murmushi a gadon asibiti, amma a ganina shi ya fi cancantar kuɗin masu ba da taimako.

Kuma allurar tana aiki. A wani gwaji da aka yi a Uganda aka wallafa a 2021, cikin yaran da aka gano ciwon tun yana ɓoye, waɗanda suka samu allurar ƙasa da 1 cikin 100 ne nasu ya ƙaru cikin shekara biyu, waɗanda ba su samu ba kuwa kusan 8 cikin 100. Can baya kuma Turai da Amurka ma sun sha fama da ciwon nan, ya ragu ne da gidaje suka wadata cunkoso ya ragu sannan fenisilin ya zo, don haka ruwa da sabulu da wurin kwana da maganin ƙazuwa su ma maganin zuciya ne ko da ba likitan zuciya ke raba su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan ciwon a 2018, kuma har yanzu yana kashe wajen mutum 300,000 duk shekara a duniya.

Kar kuma ki ɗauka na Timor ne kawai, mu ma nan Arewa muna ganinsa a asibitocinmu. In kin fara aiki aka kawo miki yaro da ciwon wuya da zazzaɓi ba tari ba mura, a duba shi sosai a ba shi fenisilin ko amoksisilin ya shanye na kwana 10 cur, ko allura ɗaya ta benzatin, kuma ki roƙi iyayen kar su kai shi a cire masa beli. In kuwa ciwon gaɓoɓi ne mai yawo daga wannan zuwa wancan, ko mai ciki da hakinta ya wuce misali, ki sa a saurari ƙirjin a tura su hoton zuciya tun da wuri.