Amsa ga ɗan'uwan da Babansa ya ce a dawo masa da tsohuwar talabijin

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: ka saya wa Baba sabuwar talabijin shafaffiya mai inci 43, irin mai shiga intanet, ka haɗa masa da dikoda, amma kusan kullum sai ya kira ka ya ce ta mutu, allo ya yi baƙi da rubutun No Signal, har ya ce a dawo masa da tsohuwarsa mai ƙeya. Kana son sanin ko a mayar masa ne ko akwai dabara. Allah Ya saka maka da alheri kan hidimar mahaifi, Ya ƙara wa Baba lafiya.

Kafin komai, kada ka ɗora laifin a kan tsufa. Ƙirga abin da aka canza masa. Mutumin da ya saba tun zamanin NTA da CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, abu biyu ya sani: madannin kunnawa da lambar tasha. Ƙarfe tara na dare ta yi, ya danna, labarai su fito. Yanzu an ajiye masa na'ura biyu, kowace da rimot ɗinta, kowane rimot da madannai kusan arba'in, rubutunsu ƙanana kuma da Turanci. Ko matashi aka ba wa haka ba tare da bayani ba sai ya yi lalube. Saboda haka aikin da ke gabanka na gyara na'urar ne ta dawo kusa da abin da ya saba, sannan koyarwa ta biyo baya, kuma ita ce ƙarama.

Matsalar No Signal ɗin nan ita ce uwa uba, don haka bari in daɗe a kanta. Sabuwar talabijin tana da ƙofofi da dama da hoto ke shigowa ta cikinsu: ta eriya, ta AV, da HDMI guda biyu ko uku. Ƙofa ɗaya kawai take kallo a lokaci guda. Idan dikoda tana HDMI 1, talabijin kuma ta koma kallon HDMI 2 ko ƙofar eriya, za ta ce ba ta ga komai ba, alhali dikodar na nan tana aikinta lafiya lau. Abin da ke kauda ita daga ƙofar kusan kullum ɗaya ne cikin uku. Ko dai Baba ya taɓa madannin Source ko Input, wato na sauya ƙofa, bisa kuskure, don a rimot da yawa yana maƙwabtaka da madannin kunnawa. Ko kuma ya danna canjin tasha a rimot ɗin talabijin maimakon na dikoda, wannan kuwa a talabijin da yawa nan take yake mayar da ita kan eriya. Na ukun shi ne ɗauke wuta: idan aka dawo da ita, talabijin mai intanet takan buɗe a shafinta na gida mai YouTube da Netflix, ba a kan dikoda ba.

Ka kuma lura da wane ne ke maganar. Idan rubutun ya fito a kan baƙin allo babu tambarin kamfanin dikoda, talabijin ce ba ta ga dikoda ba: ko ƙofa ce, ko waya ta saki, ko dikodar a kashe take. Idan kuwa an ga tambari ko lambar tasha tare da saƙon, dikoda ce ba ta samun sigina daga eriya ko dish. A GOtv da DStv, E48-32 na nufin babu sigina, E16 kuma yawanci kuɗin wata ne ya ƙare ko tashar ba ta cikin tsarin da aka biya. Koya wa wani a gidan bambance waɗannan, kiran waya zai ragu da rabi ko fiye.

Gyaran ga yadda yake. Cire duk wata waya da ba a amfani da ita a bayan talabijin, ka bar ta dikoda kaɗai a HDMI 1. Shiga saitin talabijin ka nemo inda ake zaɓar abin da za ta buɗe da shi idan an kunna, ka sa ƙofar da aka bari ta ƙarshe, ka kashe buɗewa da shafin gida. Sannan ka kunna abin da ake kira HDMI-CEC. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Idan dikodar ma tana da shi, da zarar an kunna ta talabijin za ta tashi ta koma ƙofarta da kanta. Dikodoji masu araha da yawa ba su da shi, kada ka ɓata yini kana nema.

Idan babu, mafita ita ce rimot ɗaya tak a hannun Baba, na dikoda. Daidaita ƙarar talabijin a wuri ɗaya mai ɗan ƙarfi ka bar ta nan, shi kuma ya riƙa ragewa da ƙarawa da rimot ɗin dikoda. Rimot ɗin talabijin a saka shi a durowa, amma wani babba a gidan ya san inda yake. Kunnawa kuma a mayar da ita kan makunnin soket na bango: talabijin da yawa suna da saitin tashi da kansu idan wuta ta shigo, wasu a fili yake cikin saiti, wasu sai an shiga abin da ake kira Hotel Mode, wanda masu gyara suka san yadda ake buɗe shi. A can ne ma ake kulle ƙofa ɗaya da iyakance ƙarar sauti. Ka ga an koma kamar da: danna abu ɗaya, hoto ya fito.

Shi kansa rimot ɗin, samo baƙin salatif na masu aikin wuta ka rufe duk madannin da ba ya bukata. Menu, Exit, masu launi huɗun nan, duk a rufe. A bar kunnawa, ƙara da rage murya, canjin tasha sama da ƙasa, sai lambobi idan yana amfani da su. Ɗiga ɗan jan farce ko fenti a kan madannin kunnawa yadda yatsa zai ji tudunsa ko da daddare. Mute kam, madannin da ke ɗauke murya gaba ɗaya, a rufe shi da kyau, ya sha sa a kira mai gyara a banza. Akwai kuma rimot mai manyan madannai da ke koyon umarni daga wani rimot: ana haɗa kawunansu kusa da kusa, tazarar yatsa biyu, a danna nan a danna can, sai kunnawa da murya su zama na talabijin, canjin tasha ya zama na dikoda. Idan ka samu a kasuwa, ya fi komai sauƙi.

Idan aka ce rimot ya daina aiki, nuna kansa ga kyamarar waya ka danna kowane madanni. In yana da rai za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allon wayar. Wasu wayoyin kyamarar bayansu na tace hasken, sai ka gwada ta gaba. Batir kuma a canza duka biyun tare, kada a haɗa sabo da tsoho, kuma a duba ko ya yi ruwa ya ci ƙarfen ciki.

Sai batun tashoshi. Dattijo ba ya bukatar tasha ɗari uku. Tambaye shi abin da yake kallo, ba za su wuce shida ko takwas ba: NTA, tashar jiharku, Arewa24, wata tashar wa'azi irin Sunna TV ko Manara, da tashar da ke nuna Harami kai tsaye. A dikodar kyauta irin Strong kana iya jera su daga lamba 1 zuwa 8, ka goge ko ka ɓoye sauran. Gogewar na da wani amfani: cikin tashoshin tauraron ɗan'adam akwai waɗanda ba za ka so Baba ya faɗa cikinsu jikoki na zaune ba. Bayan ka gama jerawa, ajiye jerin a kan filashi idan dikodar na ba da dama, ka kuma sa lambar sirri a kan Menu. In ba haka ba, ranar da wani yaro ya danna neman tashoshi daga farko, aikinka ya rushe. A GOtv, DStv da StarTimes ba a canza lambar tasha, sai dai jerin Favourites, wato na tashoshin da aka fi so, ko ka rubuta masa lambobin.

A nan zan faɗi ra'ayina: ga dattijon da abin kallonsa labarai ne da karatu da wa'azi, dikodar kyauta ta fi masa kwanciyar hankali. Babu ranar da zai wayi gari a ce kuɗi ya ƙare. Illarta ita ce tashoshi kan sauya mita lokaci zuwa lokaci, sai an kira mai saiti. Tashoshin Hausa da dama suna kan Eutelsat 16A, na Makka da Madina kuma ana kama su a Nilesat, don haka mai son duka biyun yakan bukaci dish biyu da ƙaramin makunnin DiSEqC da ke haɗa su zuwa dikoda ɗaya. Idan kuma ta biya kuka zaɓa saboda Africa Magic Hausa ko ƙwallo, to ka ɗauki biyan a wuyanka, ka sa tunatarwa a waya kwana biyu kafin wa'adi, kuma dikodar ta kasance a kunne lokacin da aka biya don saƙon ya shiga.

Kada ka dogara da eriya kai tsaye cikin talabijin kamar da. Najeriya ta fara komawa tsarin dijital tun 2016 daga Jos, sai Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano a 2021, ko da yake aikin na tafiya da tsaiko. A tsohon tsari idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi yayyafi amma ana gani. A dijital ko dai ya fito tas, ko ya daddatse ya tsaya cak. Wannan yana rikita dattawa ƙwarai, sai su ɗauka lalacewa ce. Faɗa wa Baba tun yanzu cewa idan hadari ya haɗu dish yakan ɗauke na ɗan lokaci, ya jira kawai, kada ya taɓa komai. Idan kuma ɗaukewar ta zama kullum bayan damina, a duba mahaɗin wayar da ke bakin LNB, wato ɗan abin da ke gaban dish yana karɓar sigina, ruwa kan shiga ya yi tsatsa. Sabon kan waya da salatif sun isa.

Wani abin da 'ya'ya ba sa lura da shi shi ne sauti. Tsohuwar talabijin lasifikarta na gaba, tana fuskantar mai kallo, kuma akwatin na da ciki. Shafaffiya lasifikarta 'yar ƙarama ce, tana kallon ƙasa ko bango. Kunnen dattijo kuma siririn sauti yake fara rasawa, shi ya sa zai ce yana jin ƙara amma ba ya gane magana. Ƙara murya ba ya magance wannan, sai dai ya hana mutanen gida sakat. Shiga saitin sauti ka zaɓi na magana: Clear Voice a LG, Amplify a Samsung. Rage kaurin sauti, ƙara siririn, kashe Surround. In bai wadatar ba, ƙaramar lasifika mai waya a ajiye kusa da kujerarsa. Ka guji ta Bluetooth, don ranar da ta saki babu mai mayar da ita.

Kada a rataye ta can sama kusa da silin. Tsakiyar allon ya yi daidai da idonsa yana zaune, ko a kujera ko a kan darduma, tazarar kamar mita biyu ga mai inci 43, kuma kada ta fuskanci taga. Kashe saitin rage haske don tsimin wuta, da wanda ke kashe ta bayan awa huɗu in ba a taɓa rimot ba. Sa mata abin kariya daga hawa da saukar wuta, irin mai jinkirta shigar wuta bayan an kawo, talabijin da dikoda duka a kansa. Gaya masa amfanin jinkirin, kada ya ce ta sake mutuwa.

Koyarwar kuma, zaɓi lokacin da babu baƙi babu yara, kamar bayan la'asar. Zauna a gefensa, rimot a hannunsa, naka hannun a cinyarka. Ya kunna, ya canza tasha, ya kashe, sau uku. Idan ya yi kuskure kada ka karɓe ka gyara da sauri, faɗa masa inda zai danna ya gyara da kansa. Kada ka ce "ai na nuna maka jiya", ka ce "Baba, wannan rimot ɗin ne suka cika masa madannai". Rubuta lambobin tashoshi da manyan baƙaƙe a kwali, da ajami in shi ya fi karantawa, ka liƙa a bango. Ita ma Hajiya a nuna mata daban. Cikin jikoki a ware mutum ɗaya mai hankali da zai riƙa gyarawa, sauran a hana su taɓawa, domin su ne ke juya ta zuwa YouTube su tafi su bar ta a can. Ɗauki hoton rimot da na bayan talabijin ka ajiye a wayarka, don idan an kira ka kana nesa ka iya cewa "na biyu daga sama, hannun dama".

Game da dawo da tsohuwar: in ka yi duk wannan mako biyu Baba bai sake da sabuwar ba, mayar masa, babu faɗuwa a ciki. Dikodoji da yawa suna da mafitar AV, wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. In dikodar HDMI kaɗai gare ta, akwai ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV, ka tabbatar mai juyawa ta wannan fuskar ka saya, don akwai mai yin akasin haka kuma kamarsu ɗaya. A saitin dikoda ka mayar da siffar hoto 4:3 da tsarin PAL, in ba haka ba mutane za su fito dogaye sirara ko hoton ya rasa launi. Sai dai ka sani mai ƙeya ta fi shafaffiya mai girmanta cin wuta, in gidan da sola ko inbata ake amfani, a yi lissafin batir tukuna.