Ka kira shi ɓarawo, kuma kana so ya saurare ka?

Tambaya: Shekara huɗu ke nan ina tallata kayana da wani take da ni na ƙirƙiro. Sai ga wani mai irin sana'ata ya ɗauka, ya sauya kalma ɗaya, ya rubuta a allonsa. Na fito a Facebook na kira shi ɓarawo, na ba shi kwana uku ya goge ko mu haɗu a kotu. Har yau bai goge ba. Diyyar nawa zan nema?

Amsa: Malam, ajiye zancen diyya tukuna. Masu jiran kotu ta azurta su a kan taken talla suna da yawa, kuma galibinsu lauya ne ke cin ribar.

Kuskurenka guda ne: ka fara da inda ya kamata ka ƙare. Ka zagi mutum a bainar jama'a, ka yanka masa wa'adi. Idan ya goge yau, ya amsa sunan ɓarawo ke nan a gaban masu sayen kayansa. Wa zai yarda da haka? Kai da kanka ka toshe masa hanyar janyewa. Magana zarar bunu ce, kuma wannan rubutun naka zai iya zama hujjarsa ta ƙarar ɓata suna. A Ingila ma, dokar 2017 ta ba wanda aka yi wa barazanar ƙara a kan alamar kasuwanci ba bisa hujja ba damar shi ya kai ƙara.

Ƙarfi ma ba ya wanke kaushin harshe. A 2011 kamfanin gidajen sayar da abinci na Chick-fil-A a Amurka, mai taken da ke cewa a ƙara cin kaza, ya aika wa wani mai buga riguna a jihar Vermont takardar gargaɗi saboda takensa na a ƙara cin ganye. Jama'a suka goya wa ƙaramin baya, har da gwamnan jihar, kuma a 2014 aka amince masa ya yi rajistar takensa.

Na taɓa shiga tsakanin wasu 'yan kasuwa biyu a kan irin wannan. Wanda ya kwaikwaya ya faɗa mini a keɓe cewa da an same shi cikin mutunci da tun ranar ya sauya. Amma tunda aka tozarta shi, ya yi rantsuwa ba zai sauya ba, aka shekara ana jan rigimar, cinikin kowa ya ja baya.

Ka goge rubutun nan yau. Ka tattaro tsofaffin tallace-tallacenka masu kwanan wata, domin “ni na fara” ba hujja ba ce sai da takarda. Ba ka ambaci rajista ba, ina kuma zaton ba ka yi ba. Ka yi, a rukunin kayanka cikin rukunai 45 da ake raba alamun kasuwanci.

Sannan ka rubuta masa shi kaɗai, a taƙaice. Kada ka ce ya sata. Ka ce masu saye suna rikita ku, kuma rikicewar tana cutar da shi kamar yadda take cutar da kai: duk wanda kayanka suka ɓata wa rai, zai ɗora masa laifi shi ma. Ka haɗa da hujjarka, ka ba shi kamar kwana 60 ya ƙarar da ledoji da takardun da ya riga ya buga. Ka nemi afuwa kan zagin a layin farko. Idan ya ƙi bayan wannan, sai ka kai wa lauya kwafin wasiƙar.