Kada ka haɗe wayar nan, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce hitar da muka ɗaura a gidan nan bara, irin wadda ba ta da tanki, mai dumama ruwa nan take, yanzu sai ta sako ruwa mai zafi kamar na shayi, can kuma ta ɗauke ɗif. Ka ce wani ya ba ka shawara ka haɗe wayoyi biyun da ke jikin ɗan abin da ke katse wutar, aiki ya ƙare, kana tambaya ko ka yi.

Kada ka yi, ko da mai gidan ne ya tsaya a kanka yana roƙo. Wannan ɗan abin shi ne mai gadin hitar. Idan zafi ya wuce ƙima sai ya yanke wuta kafin ruwa ya tafasa a cikin bututu. In ka haɗe shi, ciwon yana nan, mai ba da labarinsa kawai ka toshe wa baki, kuma wanda zai shiga wankan wataƙila yaro ne ko tsohuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan hita ba ta ajiye ruwa, wanda ke wucewa take dumamawa, don haka zafinta ya dogara da saurin gudunsa. Ɗauki tamu mai wat 5,500. Idan lita 4 ke wucewa a minti ɗaya, za ta ƙara wa ruwan zafi kamar digiri 20. Ruwan tanki da safiyar hunturu, a ce digiri 20 ne, sai ya fito 40, daidai wanka. To, bari gudun ya ragu zuwa lita 2: ƙarin ya zama 40, ruwa ya fito 60. Digiri 60 kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sale fata. Ka ga ke nan hitar ba ta haukace ba, ruwa ne ya yi mata kaɗan. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, me ya rage shi?

Kafin ka taɓa komai, sauke bireka, sa mita ka tabbatar babu wuta. Ban yarda da "ai an ɗauke wuta" ba, don ana iya dawo da ita hannunka na ciki. Sannan ka rufe ruwa.

Fara da mashigar ruwan sanyi. Kwance ta, za ka ga 'yar rariya kamar hular kwalba. A gidajen da ke shan burtsatse, sau da yawa nakan zaro ta in tarar da yashi ya cushe ta, ja-ja-ja, har da gansakukar tanki. Tsohon buroshin haƙori da ruwa sun ishe ta. Ɗaga ta sama ka duba, in haske na ratsa kowane ido, ta wanku. Sai kan shawa. Dubi ramukan: za ka ga farin ɓawo ya zagaye su, irin wanda ke kwanciya a gindin butar mai shayi. Ma'adinin da ke narke a ruwa ne, zafi ke sa shi daskarewa. Jiƙa kan shawar a ruwan khal ya kwana, da safe ka goge. Rabin kiran da ake yi mini kan irin wannan hita a nan yake ƙarewa, ba a sayi ko kusa ba.

Idan har yanzu gudun bai dawo ba, ɓawon ya kai ciki. Nan sai haƙuri. Ka samu bokiti, ƙaramin injin tura ruwa da tiyo biyu, ka zuba farin ruwan khal, ya riƙa shiga ta mashiga yana dawowa bokiti ta mafita, minti 45 zuwa awa ɗaya. Za ka ga ruwan ya yi fari-fari, ɓarɓashi na taruwa a ƙasa. Ka ɗauraye da ruwa mai tsabta sosai. Ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil kada su kusanci hita, jan ƙarfen suke ci. Wannan wankin sau ɗaya a shekara ne, kafin sanyi ya shigo. Inda ruwan ke da ɓawo sosai, duk wata shida.

Ka kuma ɗaga kai ka dubi tanki. Matsin ruwa da ma'aunin "bar" ake auna shi: tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1, tankin da ya ɗara shawa da mita 3 kuwa bai fi 0.3 ba. In haka ne, injin ƙara matsi gidan ke buƙata.

Da ka gama, buɗe famfo ruwa ya zuba har ya daina tari da tofar da iska, sannan ka ɗaga bireka. Ka faɗa wa mutanen gidan su ma su yi haka duk ranar da tanki ya ƙafe, don ƙarfen dumamawar in ya ji wuta ba ruwa, ƙonewa yake.

Akwai abin da ya fi hana ni barci. Wat 5,500 a wutar bolt 230 amfiya 24 ne, kusan abin da ƙananan esi huɗu ke ja tare. Shi ya sa muka ja mata layinta ita kaɗai da waya mai kauri murabba'in milimita 4, kuma da nisan ya fi haka 6 za mu sa. Duba bakin wayoyin: in roba ta yi baƙi ko tana ƙauri, yanke, ka sake ɗaurewa tamau. Tabbatar wayar ƙasa, mai kore da rawaya, tana nan a ɗaure. Sai birekar kariya mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta zurare ta bi jikin mutum ko ƙasa. Danna maɓallin gwajinta a gaban mai gida, ka nuna masa ya riƙa yi duk wata. In ka danna ba ta faɗi ba, kada kowa ya yi wanka da hitar nan sai an canja ta, kuma ka kira ni kafin ka bar gidan.